Malaman lakwal da siyasar ilimi: wa ke jin ta bakinsu kafin a yanke shawara?

Duk ranar 5 ga watan Oktoba, daidai lokacin komawa lakwal, ana bikin ranar malamai ta duniya. A Yamai da sauran manyan birane akan yi jawabi, a yaba wa malami, a ce shi ne ginshiƙin ƙasa. Sai dai ba kowa ya san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan rana ba. A ranar 5 ga Oktoba 1966 ne, a birnin Paris, hukumar UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da wata takardar shawarwari a kan matsayin malami. Cikin abubuwan da takardar ta tanada har da cewa a ɗauki ƙungiyoyin malamai a matsayin abokan shawara, a sa su cikin tsara manufofin ilimi, da zaɓen littattafai, da sauya tsarin karatu. Wato ba maganar albashi kaɗai ba. An fara bikin ranar a 1994. Abin da muke so mu duba yau shi ne ko wannan shawara ta iso ajin mushen da ke wani ƙauye na Mayayi ko na Tanut.

A kan takarda dai ba mu rasa komai ba. Dokar da ke tsara ilimi a ƙasarmu, wadda aka sani da LOSEN, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta tanadi majalisar shawara a kan ilimi ta ƙasa da makamantanta a jihohi. A kowace makaranta akwai kwamitin tafiyar da ita, wanda aka fi sani da COGES kafin a koma kiransa CGDES, inda darakta da wakilin malamai ke zama da iyayen yara. Akwai kuma zaman da gwamnati ke yi da masu ba da tallafi na waje da ƙungiyoyin farar hula domin bitar tsarin ilimi, inda ƙawance irin na ASO-EPT, wanda ya haɗa sandika da ƙungiyoyi masu zaman kansu, ke samun kujera. Kujeru kam akwai su. Tambayar ita ce, ana kiran malami ne a ji ra'ayinsa tun tuwo yana kan wuta, ko kuwa sai an kwashe a kira shi ya sa albarka?

Don a gane amsar sai an koma baya kaɗan. Ƙungiyar malamai ta SNEN ita ce uwa a wannan fage, kuma a da ta daɗe tana cikin masu ƙarfi a uwar ƙungiyar ƙwadago ta USTN. A shekarun 1990 da 1991, lokacin da ƴan makaranta da ma'aikata suka matsa wa mulkin jam'iyya ɗaya har aka kai ga babban taron ƙasa, malamai na sahun gaba. Da yawa daga cikin ƴan siyasar da suka yi fice daga baya a nan suka koyi magana gaban jama'a. Mohamed Bazoum, wanda ya koyar da falsafa kafin ya shiga gwamnati, yana cikinsu. A wancan zamani in SNEN ta ce a ajiye alli, to daga Gaya har Gigimi an ajiye. Gwamnati kuwa dole ta saurara, ko tana so ko ba ta so.

Abin da ya sauya lissafi shi ne shigowar malaman sa-kai a ƙarshen shekarun 1990, waɗanda daga baya aka mayar ƴan kwantaragi. Hujjar gwamnati da Bankin Duniya a fili take: yara sun yi yawa, asusu ya yi kaɗan, kuma da albashin malami ɗaya mai lambar aikin gwamnati ana iya ɗaukar mutum kusan uku. A farko kuɗin watan ɗan sa-kai jaka 35 ne. Da shirin shekara goma na raya ilimi, PDDE, wanda ya fara a 2003, aka buɗe makarantu a garuruwan da ba su taɓa ganin allo ba, yawan yaran da ke zuwa lakwal ya yi tsalle ƙwarai. Wannan nasara ce, ba mai musu. To amma an yanke wannan babbar shawara ne ba da yardar ƙungiyoyin malamai ba, kuma cikin ƴan shekaru ƴan kwantaragi suka zama su ne mafi rinjaye a azuzuwan firamare. Da yawansu an tura su aji da horon ƴan makonni, wasu ma babu.

A watan Nuwamba 2004 aka yi wani taro a Bamako a kan wannan matsala, inda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka zauna da ƙungiyar ADEA, da Bankin Duniya, da babbar ƙungiyar malamai ta duniya mai mazauni a Brussels. Abin da ya ba wannan taro daraja shi ne ministoci da ƴan sandika da iyayen yara sun zauna teburi guda. Suka yarda a kan cewa kada a ɗauki wanda ba shi da takardar BEPC, a ba shi horo na aƙalla wata 6 kafin ya shiga aji, a kuma buɗe masa hanyar zama cikakken ma'aikaci. An sake komawa Bamako a 2009 don a ga inda aka kwana. Da an bi waɗannan sharuɗɗa sau da ƙafa a ƙasarmu, da rigimar da ta zo daga baya ba ta kai yadda ta kai ba.

Rigimar kuwa ita ce ta 2017. Kafin nan, binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada yara a ƙasashe 10, ya sa Nijar a ƙarshe: fiye da yara 9 cikin 10 da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake bukata ba, a karatu da lissafi duka. Ministan ilimin firamare na lokacin, Daouda Mamadou Marthé, ya ce sai an gwada ƴan kwantaragi da jarrabawa a rubuce. Ƙungiyoyi irin su SYNACEB da haɗakar CAUSE-Niger suka ce ba su ƙi a gwada malami ba, amma a same shi a cikin ajinsa, gaban ɗalibansa, masu duba makarantu su ga yadda yake aiki, kamar yadda aka saba. Suka kira mambobinsu da su ƙaurace. Aka yi yajin aiki, aka yi zanga-zanga, aka kama wasu. A watan Yuli dai aka yi jarrabawar, malamai fiye da dubu 50 suka zauna, kuma kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya samu rabin maki. Aka ware wasu don ƙarin horo, aka soke kwantaragin dubbai, har da waɗanda suka ƙi zama.

A ganinmu kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, kuma kowane ya yi asarar ɗaya rabin. Minista bai yi ƙarya ba: akwai masu riƙe da alli da ba su iya abin da suke koyarwa ba, kuma ba uban da zai yarda a bar ɗansa a hannunsu don kawai a kiyaye zaman lafiya da sandika. Amma wa ya ɗauke su aiki? Wa ya sa hannu a takardunsu, wa ya tura su daji ba horo, wa ya bar su wata biyu, wata uku ba a biya su ba? Malaman da suka daɗe a aiki sun san wannan rauni shekaru kafin PASEC ta auna shi. Daraktoci sun sani, masu ba da shawarar koyarwa sun sani. Da akwai wurin da maganarsu ke hawa sama a ji ta a kan lokaci, da ba a jira sai an tara mutum dubu 50 a ɗakunan jarrabawa ana gadin su da jami'an tsaro ba. Su kuma ƙungiyoyin, da sun riga gwamnati fito da nasu tsarin tantancewa da horo, da sun shiga tattaunawar da abin da za su ajiye a kan tebur, ba da kalmar a'a kaɗai ba. A wannan shekarar ce kuma, a ƙetaren iyaka, gwamnatin jihar Kaduna ta gwada malamanta na firamare ta ce 21,780 sun faɗi, ƙungiyar NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ciwo iri ɗaya, magani iri ɗaya, kuka iri ɗaya.

Wani abin da ke rage wa malamai nauyin baki shi ne rarrabuwa. Yau ƙungiyoyin da ke magana da sunan malamai sun kai gommai: na firamare, na sakandare, na ƴan kwantaragi, na makarantun Faransanci da Larabci, na koyon sana'a, kowace da babban sakatarenta da tambarinta. Shi ya sa ake ta kafa haɗaka, irin su CPRASE da FUSEN da CAUSE-Niger, a haɗu yau a rabu gobe. Wannan yanayi ba wanda yake yi wa daɗi kamar mai mulki, don in wannan ta ƙi sa hannu sai a kira waccan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma idan muka duba takardun ƙorafin da ake miƙa wa gwamnati shekara da shekaru, kusan duk abu guda ne: biyan kuɗin wata a kan lokaci, ba da lambar aiki, alawus, ƙarin girma. Ba mu raina ko ɗaya ba, mai jin yunwa ba ya koyarwa. Amma da wuya ka ga an tsaya kai da fata a kan yawan yara a aji, ko littafin karatu na aji ɗaya, ko awowin da ake asara tsakanin Oktoba da Yuni. Sai jama'a suka ɗauka sandika ba ta san komai ba sai aljihunta, gwamnati kuma ta samu hujjar tsara karatu da ƙwararru na ofis da baƙi masu ba da shawara.

Ga misali batun azuzuwan zana. Kowane malamin ƙauye ya san ba a fara karatu sosai sai an yi girbi an samu kara, ya san iska da ruwan farko na korar yara tun kafin shekara ta ƙare, ya kuma san abin da wuta ke yi wa zana. Amma sai da yara fiye da 20 suka ƙone a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilu 2021, wasu fiye da 20 kuma a Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, sannan maganar ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

Ko akwai wata hanya? A wasu ƙasashe an raba aiki biyu. Sandika na nan tana kare haƙƙin ma'aikaci, sannan akwai majalisar sana'ar koyarwa, wadda ke cewa wa ya cancanci shiga aji, wane horo zai samu, wane laifi ke sa a karɓe masa alli. A Sukotlan, arewacin Birtaniya, an kafa irin wannan majalisa tun 1965, ta zama mai cin gashin kanta a 2012, kuma 19 daga cikin mambobinta 37 malamai ne da ƴan uwansu malamai suka zaɓa. Najeriya na da TRCN tun 1993, Gana kuma na da majalisarta da ta fara jarrabawar lasisin koyarwa a 2018, ko da yake a waɗannan biyun hannun gwamnati ya fi nauyi. Ba mu ce a kwaso tsarin wani a dasa mana ba. Abin lura kawai shi ne, inda malamai da kansu ke tsaron ƙofar sana'arsu, ba a bukatar minista ya zo da jarrabawar ba-zata, don tun a bakin ƙofa ake tace mai shiga.

Mu ma muna da wani abu a hannu da ba mu ba shi darajarsa ba, wato CAPED, zaman da malaman makarantun da ke kusa da juna ke yi don su taimaki juna a kan koyarwa. A nan ne ake faɗin gaskiyar aji: darasin da yara suka kasa ganewa, littafin da bai iso ba, sabon tsarin da ya yi kyau a takarda ya gagara a gaban yara 80. Amma yadda abin yake tafiya, saƙo daga sama yake saukowa, ba ya hawa. Da za a riƙa tattara abin da waɗannan zama suka gano, daga gunduma zuwa jiha, daga jiha zuwa ma'aikata, a kuma wajabta wa ma'aikatar ta ba da amsa a rubuce kafin ta taɓa tsarin karatu, da an samu majalisar malamai mafi girma a ƙasar nan ba tare da an gina ko ofis ɗaya ba. Makarantun horon malamai irin su Askia Mohamed ta Damagaram, Bawa Jangwarzo ta Maraɗi da Kawusan ta Tawa su ma sai su san abin da ɗalibansu ke tararwa bayan sun fita.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda batun harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma an shafe shekaru fiye da 40 ana kiran irin waɗannan makarantu na gwaji, kamar gwajin ba ya ƙarewa. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko me wannan zai haifar a lakwal, a hannun malami zai faɗo: wanda aka horar da Faransanci, wanda wataƙila bai taɓa rubuta ƙ da ɗ a allo ba, wanda aka tura garin da yaransa Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci ko Barbarci suke ji. Akwai tsofaffin malaman makarantun gwaji da suka yi wannan aiki shekara da shekaru, sun san inda yaro ke tuntuɓe in ya tashi daga harshen gida zuwa Faransanci, sun san kalmomin lissafi da suka karɓu da waɗanda suka ƙi. Yawancinsu sun yi ritaya, suna zaune a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso, kuma ba su da wuyar samu ga duk kwamitin da ke son jin ta bakinsu kafin ya buga littafin farko.