Yadda Tsimin Wutar Lantarki Ya Zama Babbar Kasuwa

A watan Oktoba na shekarar 1973 ƙasashen Larabawa suka rage man fetur ɗin da suke fitarwa, farashin ganga kuwa ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Ƙasar Japan ta ji jiki ƙwarai, domin kusan duk man da take ƙonawa daga waje ake kawo shi. Har fitilun talla na unguwar Ginza a birnin Tokyo sai da aka kashe. Wannan wahala ce ta koya wa Japanawa cewa wuta ma dukiya ce mai bukatar ma'aji da littafin lissafi.

A 1979 gwamnatinsu ta kafa dokar tsimin makamashi, wadda ta wajabta wa manyan masana'antu su naɗa ƙwararren ma'aikaci da zai riƙa lura da yadda ake cin wuta da mai. A wancan zamani da alƙalami da takarda yake zagayawa yana karanta mita. Yanzu na'urori ne ke wannan aiki. Ana liƙa wa kowane inji ƙaramin ma'auni, shi kuma yana aika labari ga kwamfuta dare da rana. Daga nan ake gane injin da ke shan wuta fiye da ƙima, da ɗakin da aka bar na'urar sanyi tana aiki alhali ba kowa a ciki. Kwamfutar kan kashe abin da ba a bukata da kanta, ta kuma ɗage aiki mai nauyi zuwa lokacin da wuta ta fi araha. Kamfanoni irin su Siemens da Schneider Electric da Honeywell suna cikin manyan masu sayar da waɗannan kaya.

Amfanin abin ya fito fili a 2011, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku sun lalata tashar nukiliya ta Fukushima. A watan Yuli gwamnati ta umarci manyan masu amfani da wuta a yankunan Tokyo da Tohoku su rage kashi 15 cikin 100 a sa'o'in da bukata ta fi yawa. Masu ƙera motoci suka mai da hutunsu Alhamis da Juma'a, suka riƙa aiki Asabar da Lahadi. Wanda bai san inda wutarsa ke tafiya ba, ina zai san abin da zai rage? A cikin shekarar ne kuma aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 50001, wadda kamfanoni ke bi don tsara wannan aiki.

A Nijeriya tsada ce ke tura mutane. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, watau ninki fiye da uku. Mai masana'anta a Bompai ko Sharaɗa a Kano, wanda ke haɗa wutar kamfani da janareta da hasken rana, yana da hanyoyi uku masu farashi daban-daban, kuma dole ne ya san wadda zai kunna a kowace sa'a. Sai dai na'urorin daga waje ake sayo su da dala, kafa su da gyaransu kuma sai an sami injiniyan da ya goge.