Tabo a jiki, babu a takarda: Gwagwarmayar gyara bayanan mazan jiya daga Magarya da Dungas

A watan Yunin 2024 hukumar kula da tsoffin sojoji ta Faransa ta ƙara kalmomi huɗu a fayil ɗin wasu sojojin Afirka shida: "Mort pour la France", wato ya mutu saboda Faransa. Huɗu daga cikinsu 'yan Senigal ne, ɗaya ɗan Kodebuwa, ɗaya kuma ɗan Burkina Faso. Dukkansu an kashe su ne ranar 1 ga Disamban 1944 a sansanin Thiaroye da ke kusa da Dakar, lokacin da sojojin Faransa suka buɗe wuta kan 'yan uwansu baƙar fata da suka dawo daga Turai suna neman a biya su haƙƙinsu.

Ɗaya daga cikin shidan shi ne M'Bap Senghor, wanda da farko aka rubuta cewa bai dawo ba, daga baya aka ce ya gudu daga aikin soja. Ɗansa Biram Senghor ya shafe shekaru masu yawa yana rubuta wasiƙu da shiga kotu. Sai da aka kusa cika shekara 80 kafin gyaran ya zo.

Wannan labari ya shafi gidaje a gundumomin Magarya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram, inda jikoki ke riƙe da littafin soja na kakansu, suna kuma tuna tabon harsashi ko na ɓarɓashin bam da suka gani a jikinsa, amma in an buɗe littafin babu inda aka rubuta raunin. A wajen hukumar soja kuwa, raunin da ba a rubuta ba tamkar bai faru ba ne: babu lambar yabo, babu fanshon naƙasa.

Yadda aka ɗebe su

Damagaram ce hedikwatar Nijar daga 1911 zuwa 1926, kuma babban barikin soja na gabashin ƙasar yana nan. Dokar da Faransa ta kafa a 1912, da wadda ta biyo baya a 1919, sun mayar da aikin soja tilas a ƙasashen da take mulka a Yammacin Afirka. Kwamanda yakan yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, sarki ya raba wa masu gari, likita ya duba, a zaɓi masu ƙarfi.

Ana kiran su "tirailleurs sénégalais", ko da yake da yawansu ba su taɓa ganin Senigal ba sai ranar da za su shiga jirgin ruwa. Sun yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sannan Indoshin daga 1946 zuwa 1954, da Aljeriya daga 1954. Tsoffin shugabannin Nijar biyu, Seyni Kountché da Ali Saibou, duk a rundunar Faransa suka fara aikin soja, kuma tarihin Ali Saibou ya nuna an ji masa rauni a Kamaru a 1960.

Magarya da Dungas kuwa suna bakin iyaka da Nijeriya, kuma wannan ya ƙara dagula lissafi. A zamanin haraji mai nauyi da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, mutane sun riƙa tsallakawa zuwa ƙasar Daura da Gumel da Kano. Cikin sojojin da Ingila ta ɗiba a Arewacin Nijeriya akwai waɗanda asalinsu daga ɓangaren Faransa suke. Saboda haka a zuri'a ɗaya za a iya samun wanda takardunsa ke Faransa, da kuma wanda ya je yaƙin Bama ƙarƙashin tutar Ingila.

Inda rauni ke ɓacewa

Matsala ta farko ita ce suna. Magatakarda yakan rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan Faransanci: Musa ya koma Moussa, Abdu ya koma Abdou, wani lokaci sunan ƙauye ko na uba ya zama sunan dangi. Ranar haihuwa babu, sai dai a rubuta "né vers 1920", wato an haife shi wajen 1920. In mutum ya sake yankar katin shaida bayan 'yancin kai da wata shekarar daban, to a idon ma'aikaci mutum biyu ne.

Haka batun wuri. Dungas ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba sai a 2011, lokacin da aka cire ta daga Magarya. Wanda ya nemi kakansa da sunan Dungas ko Dogo-Dogo ko Malawa ko Guci kaɗai zai iya dawowa hannu rabbana, alhali fayil ɗin na nan ƙarƙashin sunan Magarya ko Zinder.

Matsala ta biyu ita ce fagen daga. Kafin a amince da rauni a matsayin na yaƙi, sai an nuna cewa an same shi ne a wajen faɗa da abokan gaba, da rana da wuri. Shaidar hakan takan fito daga rajistar rundunar, ko takardar kwanciya asibiti, ko takardar asalin rauni da ake kira "certificat d'origine de blessure". A watan Yunin 1940, lokacin da Jamus ta murƙushe Faransa, rundunoni sun watse, an kama dubban sojojin Afirka aka tsare su a sansanoni, takardu da yawa suka salwanta. Wanda aka ɗaure masa rauni a bakin rami ya koma faɗa, sau da yawa babu wanda ya rubuta.

Matsala ta uku ita ce ranar sallama. Sojan da bai iya karatun boko ba, yana ɗokin komawa gida, zai dangwala yatsa a takarda ba tare da ya san abin da ke ciki ko abin da aka tsallake ba.

Abin da layi ɗaya ke jawowa

Faransa ta ƙirƙiro alamar waɗanda suka ji rauni a yaƙi a 1916, sannan wata doka ta ranar 17 ga Agustan 2016 ta tabbatar da ita a matsayin cikakkiyar lambar yabo, mai jan tauraro. Dokar ta haɗa da raunin jiki da na ƙwaƙwalwa. Amurka ma tana da irin ta, Purple Heart, kuma kowane reshe na rundunarta yana da kwamitin gyaran bayanan soja. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardu ta St. Louis a Yulin 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, lamarin da ya tilasta wa hukumomi karɓar wasu hujjoji kamar rajistar asibiti da ta albashi.

Lambar yabo ba kuɗi ba ce, amma layin da ke tabbatar da rauni shi ne ƙofar fanshon naƙasa. A dokar Faransa, raunin da likitoci suka ƙiyasta ya kai kashi 10 cikin 100 yana iya bai wa mai shi fansho, kuma a wasu sharuɗɗa matarsa na iya samun wani kaso bayan rasuwarsa. Wannan ya bambanta da kuɗin da ake bai wa mai katin tsohon soja, wanda ke tsayawa da zarar ya rasu.

Ko waɗanda aka rubuta rauninsu ma ba su tsira ba. Dokar kasafin kuɗi ta ranar 26 ga Disamban 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, na Faransawa kuma ya ci gaba da ƙaruwa. A 2006 jaridun Faransa sun ruwaito cewa mai cikakkiyar naƙasa yana karɓar kusan yuro 690 a wata in Bafaranshe ne, 230 in ɗan Senigal ne, 104 in ɗan Kamaru ne, 61 in ɗan Maroko ko Tunisiya ne.

Wani tsohon saje ɗan Senigal, Amadou Diop, shi ne ya kai ƙara. Ranar 30 ga Nuwamban 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ce wannan wariya ce, amma shi ya riga ya rasu. A Satumban 2006, lokacin da fim ɗin Indigènes ya fito, gwamnatin Jacques Chirac ta sanar da daidaita fanshon naƙasa da kuɗin katin tsohon soja daga Janairun 2007. Sauran fanshon sai da kotun tsarin mulki ta yanke hukunci ranar 28 ga Mayun 2010 kafin a daidaita shi daga 2011.

Sai dai an gindaya wani sharaɗi a lokacin: wani ɓangare na ƙarin bai zo da kansa ba, sai ga wanda ya rubuta takardar nema cikin wa'adi. Tsoho ko gwauruwa a Sasumburum ko Waca ko Yekuwa, wanda ba ya karanta jaridar gwamnatin Faransa, shi ne wanda irin wannan sharaɗi ya fi cutarwa.

Jinkiri kuwa tsohuwar cuta ce a wannan harka. Abdoulaye Ndiaye, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin sojojin Senigal na yaƙin duniya na ɗaya, an ji masa rauni a yaƙin, amma ya rasu ranar 10 ga Nuwamban 1998 yana da shekara 104, ana gobe za a maƙala masa lambar Légion d'honneur.

Ina takardun suke?

Yawancinsu suna Faransa, a warwatse. Fayil ɗin sojojin da ba hafsoshi ba, har da na tsoffin ƙasashen mallaka, yana cibiyar ajiyar bayanan ma'aikatan soja da ke birnin Pau. A nan ake neman takardar da ake kira "état signalétique et des services", wadda ke jera ranar shiga, rundunoni, yaƙe-yaƙe, raunuka da lambobin yabo.

Bayanan asibitocin soja suna Limoges. Na fursunonin yaƙi da waɗanda suka mutu suna Caen. Littattafan da kowace runduna ke rubuta abin da ya faru kullum suna Vincennes, kusa da Paris. Ofishin fanshon soja kuma yana La Rochelle. Shafin intanet na ma'aikatar tsaron Faransa mai suna Mémoire des hommes yana ɗauke da sunayen waɗanda aka amince sun mutu saboda Faransa, kuma ana duba shi kyauta.

Hanyar ta ƙara nisa tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar Nijar ranar 22 ga Disamban 2023, kuma a farkon Janairun 2024 Paris ta sanar da rufe ofishin jakadancinta a Yamai. Ko a da, mutumin Magarya sai ya yi kusan kilomita 90 zuwa Damagaram, sannan kimanin 900 zuwa Yamai. Gundumomin biyu kuwa, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna suna da mutum fiye da 900,000, yawancin jama'arsu manoma ne a karkara.

Aikin jikoki

A nan ne matasa masu karatu da 'yan uwa mazauna ƙetare ke da rawar takawa. Abu mafi muhimmanci shi ne lambar soja, wato "matricule", tare da shekarar da aka ɗauke shi da wurin da aka ɗauke shi. Suna na iya sauyawa, amma lamba ba ta sauyawa. Tana jikin littafin soja, da katin tsohon soja, da littafin karɓar fansho.

Ya kamata a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a adana, kuma kada a miƙa wa kowa takardar asali. Sai a tanadi shaidar dangantaka: takardar mutuwa, ta aure, da ta haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta. Idan sunan da ke littafin ya saɓa da na katin shaida, akwai takardar da hukuma ke bayarwa mai tabbatar da cewa mutum ɗaya ne.

Bayan an samu takardar Pau, in babu raunin a ciki, sai a bi ta Limoges da Vincennes. Idan rajistar asibiti ta nuna an kwantar da shi a rana kaza, littafin rundunarsa kuma ya nuna an gwabza a wannan rana, an samu hujjar da za a nemi gyara da ita. Tsoffin da suka ji labarin daga bakinsa su ma a naɗi muryarsu tun suna raye, domin sunan gari ko kogi ɗaya da suka tuna na iya nuna rundunar da za a bincika.

A kuma yi hattara da masu yawo suna karɓar kuɗi da alƙawarin fito da miliyoyi. Ba kowane gyara ne ke kawo kuɗi ba, musamman in tsohon da matansa duk sun rasu. Wani lokaci abin da iyali za su samu shi ne takarda mai hatimi da ke cewa abin da kakansu ya faɗa gaskiya ne. A ɓangaren Ingila ma haka ake ciki: a Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa ba bayan yaƙin duniya na ɗaya.

Mazan jiya na gobe

Rundunar sojin Nijar, wadda aka kafa ranar 1 ga Agustan 1961, yau tana yaƙi a cikin gida. An gwabza a Bosso a 2015 da 2016. A Inates an kashe sojoji 71 a Disamban 2019, a Cinagodar kuma 89 a Janairun 2020. Bayan kowane adadin mamata akwai waɗanda suka ji rauni, waɗanda ba kasafai ake jin sunayensu ba, kuma cikin masu sanye da kakin akwai 'ya'yan jihar Damagaram.

Darasin da fayil ɗin kakanni ya bari a fili yake. Sojan da ya ji rauni a Diffa ko Tilaberi, ko iyalinsa, su tabbatar an rubuta rana da wuri da yadda abin ya faru tun yana kan gadon asibiti, su karɓi kwafin rahoton kwamanda da na likita, su ajiye a wuri fiye da ɗaya. Abin da za a iya rubutawa cikin minti goma a ranar da aka ji rauni, shi ne ya ci wa Biram Senghor da ire-irensa shekarun rayuwarsu.