Yawan Rai da Abin da Ke Hannunmu

A Ngojin da ƙauyukan kewayen Potiskum, in muka tambayi dattijo shekarunsa, ba safai yake kawo takarda ba. Sai ya ce yana saurayi aka ba Nijeriya mulkin kai. Wanda yake saurayi a 1960 kuwa, yau ya kai tamanin ko ya haura. In muka gan shi yana tafiya gona da ƙafarsa, mukan ce irin gidansu ne.

Gado yana da rabonsa, amma ba shi kaɗai ba ne. A 1996 masana suka duba tarihin dubban tagwaye a ƙasar Denmak, suka iske gado ya ɗauki wajen kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai. Sauran ya rataya ga irin zaman da mutum ya yi. Rai a hannun Allah yake, amma ya ba mu jikin nan amana.

Mu fara da tukunya. Kakanninmu sun girma da tuwon gero da dawa, wake, gyaɗa, miyar kuka da zogale. Yau gishiri da dunƙule sun yi yawa a miyarmu, lemon kwalba ya shiga wurin kunu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, shi kuwa yakan daɗe a jiki ba alama, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Saboda haka mu riƙa zuwa asibiti a auna mu ko muna jin garau. Taba da burukutu ma suna cin ƙarfin mutum a hankali.

Sai kuma zuciya. A 2002 wata masaniya mai suna Becca Levy ta Jami'ar Yale a Amurka ta fitar da binciken da aka yi a kan mutum 660. Waɗanda suka ɗauki tsufa da kyakkyawar zuciya sun fi sauran daɗewa da wajen shekara bakwai da rabi. Wanda ya ce tasa ta ƙare yakan daina motsi, ya daina neman magani, ya janye daga mutane. Mu tuna da Kalibu cikin Joshuwa sura 14. Yana da shekara 85 ya nemi a ba shi ƙasar tuddai, aiki mai wuya.

A nan ne nauyi ya faɗo a kanmu. Samarinmu sun tafi Damaturu, Kano da Abuja neman abinci, tsofaffi da yawa suna wuni su kaɗai a zaure. Kuɗin da aka aiko ba ya hira da su. Mu kai musu jikoki su koyi harshen gida, ko Ngizim ne, ko Karekare, ko Bolanci. Mu nemi shawararsu kafin shuka, mu raka su sujada. Tsohon da ya san ana bukatarsa yakan tashi da safe da ƙarfin gwiwa.

A makon nan, kowane gida ya rage gishirin miya, ya kuma ziyarci tsoho ɗaya. Allah ya ba mu tsufa mai albarka. Sai mun sake saduwa.