Kwanan daji: Shaƙatawa ga ɗan birni, gadin abincin shekara ga manomin Gaffati

Daga watan Oktoba, idan aka yanke gero aka tara dammuna a gona, akwai gidaje a ƙaramar hukumar Gaffati da ake kwana babu mutum ɗaya a cikinsu. Da an idar da sallar isha'i zai naɗe tabarma, ya ɗauki bargo da tocila da gora, ya nufi gona. Ba zai dawo ba sai gari ya waye.

Gaffati tana gundumar Mirya ne a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, tana maƙwabtaka da birnin Zinder. Duk da wannan kusanci, abin da kwanan daji yake nufi a ƙauyukanta ya yi nisa da abin da matasan birni suke kallo a wayoyinsu.

A YouTube da TikTok bidiyon masu kwana su kaɗai a daji ya samu karɓuwa. Mutum zai kafa tanti, ya hura wuta, ya dafa shayi, ya nuna wa duniya cewa bai ji tsoro ba. A zaman fada a Zinder ko Maraɗi, da kuma tsakanin 'yan ci-rani da ke Turai, ba a rasa mai sha'awar gwadawa. Sai dai a yankin Gaffati wannan kwana aiki ne, yana da dalilinsa, da ƙa'idojinsa, da haɗurran da kyamara ba ta cika nunawa ba.

Dajin da kowace bishiya ke da mai ita

Abu na farko da baƙo ya kamata ya sani shi ne, a kewayen Zinder babu ƙungurmin daji irin na bidiyo. Abin da ake kira daji gonaki ne da saura da duwatsu da fadamu, sai itatuwan gawo da kuka da aduwa da magarya a warwatse cikin gonakin.

Yawancin itatuwan nan ba su yi shekara 50 ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoma suka fara barin tohon da ke fitowa a gonakinsu, suna rage masa rassa har ya zama bishiya. Wannan dabara ita ake kira sassaben zamani.

Wani bincike da masana uku, Mahamane Larwanou da M. Abdoulaye da Chris Reij, suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 1 a gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya. A faɗin Nijar kuwa, ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da wata doka da ta amince cewa manomin da ya raini bishiya a gonarsa yana da haƙƙi a kanta. Ma'ana, inuwar da mai yawon shaƙatawa zai shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta tana da mai ita, haka ma busasshen reshen da zai karya ya hura wuta.

Abin da ake gadi

Lokacin da aka fi kwanan gona shi ne tsakanin girbi da kai amfani gida. Damina a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma noman hatsi sau ɗaya ne a shekara. Dammunan da ke jibge a gona suna jiran amalanke su ne abincin iyali har wata kakar. Idan aka kwashe su a dare ɗaya, babu inda za a samo madadinsu sai kasuwa ko bashi.

Ɓarawo ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. A daidai wannan lokaci garkunan dabbobi suke gangarowa daga arewa zuwa kudu. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta tanadi cewa hukuma ce za ta tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara, bayan an tuntuɓi manoma da makiyaya da sarakuna. Kafin ranar, dabba ba ta da hurumin shiga gona. Bayan ranar kuma, manomin da ya bar amfaninsa a fili shi ya jawo wa kansa.

Makonnin da ke gabanin sakin gonaki su ne masu zafi, domin wake da dawa sukan yi jinkirin nuna. Mai gadi da ya farka ya ga shanu a gonarsa cikin dare yana gaban zaɓi biyu: ya kore su ya jira safiya ya kai ƙara wurin mai gari, ko ya ɗauki doka a hannunsa. Nijar ba ta manta da abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi ba a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Shi ya sa mai saurin fushi bai dace da kwanan gona ba.

Da sanyi ya shigo, gadin yakan koma garake a fadama, inda ake noman rani. A nan abin da ake tsaro ya haɗa da kayan lambu da injin ban ruwa da mesa, kayan da sau da yawa da kuɗin ci-rani ko na bashi aka saye su.

Itatuwa ma ana gadinsu. Gawo yana fid da ganye da 'ya'ya ne da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, saboda haka 'ya'yansa kaya ne na sayarwa ga masu kiwo. Yankin Mirya kuma ya yi suna wajen kuka, wadda ganyenta ke shiga kasuwanni. Sarar itace cikin dare na daga cikin koke-koken da aka daɗe ana ji daga masu sassaben zamani.

A gidan da samari suka tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, wannan aiki yakan faɗa kan wanda ya rage, ko dai uba da ƙarfinsa ya fara raguwa, ko ƙane da bai gama girma ba.

Yadda ake shirin daren

Mai kwanan gona ba ya zaɓar wuri don kyansa. Yakan nemi tudu inda zai hango dammuna da hanyar da dabbobi za su iya ɓullowa. Yakan share ƙasa tas kafin ya shimfiɗa, ya kuma nisanci gindin dami da tarin kara da ramuka, domin ɓera yana bin hatsi, maciji kuma yana bin ɓera. Wanda zai daɗe yakan yi 'yar bukka ta kara, ko ya ɗaura gado a kan itace don ya rabu da ƙasa.

Ba a kwanciya cikin busasshen ƙorama idan damina ba ta gama ɗaukewa ba. Ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya saukowa cikin dare alhali sama tana garau a inda mutum yake.

Sanyi ma yana ba baƙo mamaki. A Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a Zinder yakan sauka zuwa maki 15 ko ƙasa da haka da asuba, a fili kuma iskar hunturu tana ƙara masa kaifi. Wuta tana taimakawa, amma tartsatsi ɗaya a busasshen kara ya isa ya cinye abin da aka zo gadi. Ana hura ta ne nesa da dammuna, a wurin da aka share, a kuma kashe ta kafin barci ya ɗauki mutum. Masu tanti suna da ƙarin haɗari: garwashin gawayi a rufaffen wuri yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Barcin kansa rabi da rabi ne. Zaki ya daɗe da ɓacewa daga wannan yanki, kura ma da wuya a ji kukanta. Abin da kunne zai riƙa ji shi ne mujiya, da haushin karnuka daga ƙauye, da motsin bushiya ko ɓera a cikin kara. Gwanintar mai gadi ita ce ya bambance wannan motsi da takun mutum ko na dabba.

Maciji da sauro

Haɗarin da ya fi kowane kusa da mai kwana a ƙasa shi ne sarar maciji. Kububuwa, wadda take cikin macizan da suka fi kisa a yankunan savana na Afirka ta Yamma, ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma da dare take yawo. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya ganin kamar abin da sauƙi a sa'o'in farko, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko ta fitsari. Akwai kuma kasa da gamsheƙa da kunama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sarar maciji tana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara a duniya, kuma a 2017 ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Shawarar likitoci a bayyane take: kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti da gaggawa, domin allurar kashe dafi ce maganin.

A nan ne kaɗaici yake zama matsala. Wanda aka sara ya tashi ya yi tafiyar ƙasa mai nisa yana taimaka wa dafin ya bi jiki. Idan babu wanda ya san inda yake, ko waya ba ta da caji, sa'o'in da ya kamata a ce yana Babban Asibitin Zinder sai ya yi su a gona.

Sauro kuma ba ya jiran a tsorata da shi. Zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙamari a ƙarshen damina da farkon kaka, daidai lokacin kwanan gona. Sange da aka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma yana tare sauro, yana kuma rage yiwuwar kunama ko maciji su shiga shimfiɗa. Girgiza takalmi da bargo kafin amfani da su, da haska ƙasa da tocila kafin a taka, ƙananan abubuwa ne da suke raba mutum da kwanan asibiti.

Al'ada ba ta yaba kaɗaici ba

Hausawa sun ce dare rigar mugu, sun kuma ce daji ba shi da ƙyaure. A imanin mutane da yawa, gindin kuka da na tsamiya matattarar iskoki ce, don haka ko mai ƙarfin hali yakan kauce musu da dare. A ɓangaren addini, akwai hadisi a Sahihul Bukhari da ke gargaɗi kan tafiyar dare mutum shi kaɗai, akwai kuma wanda ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta.

Tarihin Damagaram ma haka ya nuna. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, Zinder babbar mahaɗa ce ta fatake tsakanin Kano da Agadas da Borno. Fataken nan sun fi kowa sanin kwanan daji, amma a ayari suke yinsa, ƙarƙashin madugu, a zangon da aka sani, ana karɓa-karɓar gadi. Unguwar Zango ta Zinder daga masaukin ayari ta samo sunanta.

Waɗanda suke keɓewa da gangan suna da dalili da kowa ya sani: gardi da ya fita kiskadi bayan gari don ya ƙarfafa haddarsa, ko mai shiga halwa, ko maharbi. Su ma akwai wanda ya san inda suke.

Ga mai son gwadawa

'Yan ci-rani da suka zauna a Turai sun san ko a can ba ko'ina ake kafa tanti ba. Suwidin tana da tsohuwar al'adar da ta ba kowa damar kwana ɗaya ko biyu a daji, Sukotilan ma ta halatta haka da dokar 2003, amma a yawancin Ingila sai da izinin mai fili.

A yankin Gaffati izinin yana hannun mai gona da mai gari, kuma neman sa ya wuce ladabi kawai. A shekarun nan kalmar daji ta ɗauki wata ma'ana a ƙasar Hausa saboda 'yan bindiga a arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Maraɗi, da kuma rikicin Boko Haram a jihar Diffa mai maƙwabtaka da Damagaram, wadda aka saka wa dokar ta-ɓaci a 2015. Baƙuwar fuska da tocila a gefen gonar mutane da tsakar dare za a iya ɗaukarta ta ɓarawo ko ɗan leƙen asiri, kuma mai gadi ba lallai ya tsaya tambaya ba.

Saboda haka matashin da ke son ɗanɗana kwanan daji ya fara da gaida mai gari tun da rana, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Ya bar wa wani na gida bayanin wurin da zai kwana da lokacin da zai dawo. Ya tafi da isasshen ruwa, da sange, da takalmi rufaffe, da tocila, da waya mai caji, ya kuma san hanyar gidan likita mafi kusa da mai babur ɗin da zai kira. Kada ya sari ɗanyen itace, kada ya bar leda ko wuta a bayansa.

Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ya nemi ɗan'uwa ko aboki mai gona a lokacin kaka ya taya shi gadi. Zai ga daren da yake son gani, mai gona kuma zai samu wanda za su raba barci da shi, wanda zai nemo taimako idan wani abu ya faru.