Tallafin Gwamnati Ga Bincike Da Kafa Kamfanin Fasahar Harshe: Misali Daga Nyanya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da gwamnatin tarayya ke bi wajen ba da kuɗin bincike, da yadda ƙaramin kamfanin fasaha zai iya cin moriyarsu. An ɗauki Nyanya a matsayin misali, wato unguwar nan ta Abuja da ta yi iyaka da Mararraba ta Jihar Nasarawa, inda ake jin Gbagyi da Hausa da Ibo da Yarbanci a kasuwa guda. Matashin da ke son ƙera manhajar da za ta saurari maganar mutanen wannan kasuwa ta mayar da ita rubutu, ba zai rasa masu magana ba. Abin da zai rasa shi ne jari.

2.0 Ƙofofin Tallafi

Ƙofa ta farko ita ce ta manyan makarantu. A shekarar 1993 aka kafa asusun harajin ilimi, wanda ya riƙa karɓar kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, sannan dokar 2011 ta mayar da shi TETFund. A ƙarƙashinsa akwai Asusun Bincike na Ƙasa, wanda malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati ke nema. Akan fara da taƙaitaccen bayanin ƙudiri, idan ya tsallake tantancewa sai a buƙaci cikakken tsarin bincike.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kamfanoni. A watan Oktoba na 2022 aka rattaba hannu kan dokar sababbin kamfanonin fasaha, wadda ta ɗora wa hukumar NITDA alhakin ba da takardar shaida. Daga cikin sharuɗɗanta akwai yi wa kamfani rajista, da kada ya wuce shekara 10 da kafuwa. Haka kuma a 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta ba da sanarwar tallafin naira miliyan 5 ga kowane ɗaya daga cikin masu bincike da kamfanoni 45 da ke aiki a kan ƙirƙirarriyar basira. A Amurka tun 1982 aka kafa tsarin da ya wajabta wa manyan hukumomin gwamnati ware wani kaso na kuɗin bincikensu domin ƙananan kamfanoni.

3.0 Matsayin Masanin Harshe

A nan ne gizo ke saƙa. Matashin Nyanya ba malamin jami'a ba ne, don haka ƙofar farko a rufe take gare shi. Shi kuwa malami yana da damar nema, amma sau da yawa bincikensa kan ƙare a kantar ɗakin karatu. Alhali manhajar Hausa ba za ta yi inganci ba sai da wanda ya san karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa, kamar bambancin da ke tsakanin "gari" na tuwo da "gari" na zama.

4.0 Kammalawa

Tallafi ba rance ba ne, amma yana tafe da sharaɗin rahoto da lissafin kowace naira. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su nemi irin waɗannan matasa su shigar da su cikin ƙudirorinsu, tare da rubuta yarjejeniyar mallakar sakamakon binciken tun kafin kuɗi su fito.