In an danne wa yaro hakkinsa, ina za a kai kuka?

Duk lokacin da aka kusa shiga lakwal, tambaya ɗaya ce ke dawowa gare mu a waya: in aka cire yarinya daga aji don a yi mata aure ba da sonta ba, ko aka bugi yaro har aka ji masa ciwo, doka ta ce mi? Kuma wa za a gaya wa?

Mu fara da abin da ya faru a Yamai. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin yara tun 1990. Amma sa hannu a waje daban, kafa doka a gida daban. A watan Yunin 2006 majalisar dokoki ta ƙi yarjejeniyar Maputo, wadda ta ce kada a aurar da mace sai ta cika shekara 18. 'Yan majalisa 42 suka ce a'a, 31 suka ce e.

A 2012 gwamnati ta kai wani ƙudurin doka na kare yarinyar da ke karatu. Ya tanadi kaso da tara ga wanda ya aurar da ɗaliba ba da izinin alƙali ba. Ƙungiyoyin addinin Musulunci da dama suka tashi, suka ce an karɓe ikon uba an miƙa wa alƙali. Masu goyon baya suka ce ai yarinyar da aka tilasta ba ta da wurin kai kuka. Ƙudurin bai wuce ba.

Shi ya sa a dokar da aka gada tun zamanin Faransa har yanzu shekarun aure 15 ne ga mace, 18 ga namiji, kuma yawancin aurenmu bisa al'ada da addini ake ɗaura shi. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 76 cikin ɗari an aurar da su kafin su kai 18, kuma jiharmu ta Maraɗi ta zarce wannan adadi.

To, rashin waccan doka ba ya nufin babu ƙofa. Ranar 5 ga Disamban 2017 shugaba Mahamadu Isufu ya sa hannu kan wata doka ta gwamnati, wadda ba ta bi ta majalisa ba, don kare ɗaliba da tallafa mata. A 2019 wata ta biyo baya, ta kafa kwamitocin kare yara tun daga ƙauye har sama.

Ga yadda hanyar take. A fara da gida: baffanni, kawunnai, liman, mai gari. Magana da yawa nan take mutuwa cikin mutunci. In ta shafi karatu, a sanar da diraktan lakwal. In ba ta ƙare ba, akwai kwamitin kare yara, da ofishin magajin gari, da ma'aikatan kula da mata da yara a Mayahi ko Tasawa. Amma fyaɗe ko duka mai rauni ba maganar sulhu ba ce. A kai yaro likita tun da wuri, a karɓi takarda, a wuce wurin jandarma. Tun 1999 doka ta tanadi alƙalin yara na musamman. Ba dole sai uba ba: inna, gwaggo, mushe ko maƙwabci na iya sanarwa.

Masu tambaya daga waje kan ce, in gida ya gaza fa? Kwamitin Tarayyar Afirka kan hakkin yara yana karɓar ƙorafi. A 2014 ya sami ƙasar Senegal da laifin barin almajirai suna bara a titi. Sai dai irin wannan kwamiti yakan fara tambaya ko an bi kotunan gida, kuma shari'arsa tana ɗaukar shekaru. Yarinyar da aka sa wa ranar aure bayan girbi ba za ta iya jiran wannan ba.

Tun Yulin 2023 waccan majalisa ba ta zama, amma ƙofofin nan na kusa suna nan. Roƙonmu ɗaya: ku yi wa kowane yaro takardar haihuwa a ofishin magajin gari. Ita ce ke shaida shekarunsa ranar da magana ta kai gaban alƙali. Ku kuma na nesa, in kun kira gida, bayan gaisuwa da labarin damina, ku tambaya ko yaran suna aji.