Mu Riƙa Rubuta Ruwan Sama

'Yan'uwa manoma, ruwan farko yakan yaudare mu. Mu yi shuka, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone. Don haka muna roƙon kowace ƙungiya ta kafa ma'aunin ruwa a harabar majami'a. Kowace safiya magatakarda ya rubuta milimita nawa aka samu. Ran da ba ruwa, ya sa sifili.

Akwai manhajar kwamfuta mai suna R, wadda ta fito daga Jami'ar Okland ta Niyu Zilan a 1993. Kyauta ce. In matasanmu suka shigar da lissafin shekaru masu yawa, za ta zana mana lokacin da damina takan kankama, don mu san iri da ranar shuka da suka dace.

Allah ya ba mu damina mai albarka.